Ƙurajen Leɓe Masu Dawowa: Man Shafawa, Ƙwaya, Ko Maganin Kullum?

Wanda ƙurajen nan suka saba fito masa ya san take-takensu. Wani waje ɗaya a bakin leɓe zai fara ƙaiƙayi ko raɗaɗi, kafin gari ya waye ya tasa, ƙananan ƙuraje masu ruwa su taru a wajen, su fashe, su yi ɓawo. Ko ba a sa musu komai ba, yawanci cikin kwana 7 zuwa 10 sun warke, wasu su kai mako biyu. A nan Kaduna an fi ganinsu bayan an tashi daga zazzaɓin cizon sauro, ko da hunturu idan leɓe ya bushe ya tsage, ko a ranar Maris da Afrilu mai ƙuna. Shi ya sa za ka ji ana yi wa mutum barka, ana cewa zazzaɓi ne ke fita.

Zazzaɓin tayar da su kawai yake yi. Mai laifin wani bairos ne da likitoci ke kira herpes simplex nau'i na 1, wanda yawancinmu muka ɗauka tun muna yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kimanin biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 na ɗauke da shi, wato kusan kashi 64 cikin 100 na masu wannan shekarun. Idan ya shiga jiki sai ya bi jijiyar fuska ya je ya lafe a wani curin jijiyoyi da ke can cikin kai. Zazzaɓi, rana, gajiya, damuwa, jinin al'ada, rauni a leɓe ko raunin garkuwar jiki, duk suna iya farkar da shi, ya biyo jijiyar ya dawo kusan wajen da ya saba fitowa. Har yau babu maganin da ke fitar da shi daga maɓoyarsa. Duk wanda ya ce zai raba ka da shi har abada, kuɗinka kawai yake so.

Abin da ake da shi su ne magungunan da ke hana bairos ɗin hayayyafa idan ya farka. Uwarsu ita ce aciclovir, a wasu kwalaye za ka ga an rubuta acyclovir. Daga kamfanin Burroughs Wellcome ya fito, kuma Gertrude Elion, wadda ta yi aiki a kansa, tana cikin waɗanda suka samu lambar Nobel a 1988. Hikimarsa ita ce ba ya fara aiki sosai sai a ƙwayar halittar da bairos ɗin ya shiga, domin wani sinadarin bairos ɗin ne da kansa ke kunna shi. Wannan ne ya sa illarsa ga lafiyayyen jiki ba ta da yawa.

Wannan kuma shi ne iyakarsa. Bairos ɗin yana yin mafi yawan hayayyafarsa a kwana ɗaya zuwa biyu na farko. Bayan nan, ciwon da kake gani a leɓe ɓarna ce da aka riga aka yi, jiki ne ke gyarawa. Sayen magani mai tsada bayan ɓawo ya fito ihu ne bayan hari. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan ya ginu.

Ka fara tabbatar da cewa su ne

Ba kowane ciwon baki ne wannan ba. Gyambon da ke fitowa a cikin kunci ko ƙarƙashin harshe, fari-fari mai jan gefe, yawanci ba wannan bairos ba ne, kuma ba ya yaɗuwa. Tsagewar kusurwar baki tana da nata dalilan, har da ƙarancin jini. Ƙurajen yara masu ɓawo ruwan zuma a gefen hanci da baki galibi wata ƙwayar cuta ce daban. Duk waɗannan, maganin bairos ba ya yi musu komai. Idan wannan ne karon farko, ko kana shakka, a nuna wa likita ko masanin magunguna tun ƙurajen na ɗanye.

Ma'aunin zaɓi

Abubuwa biyar nake dubawa. Na farko, kwana nawa maganin ke rage wa ciwon. Na biyu, sau nawa ake sha ko shafawa a rana, domin maganin da ake mantawa da shi bai da amfani komai ƙarfinsa. Na uku, kuɗin cikakken zagaye, ba kuɗin kati ɗaya ba. Na huɗu, ɗorewa: shin amfaninsa ya tsaya ga wannan fitowar, ko yana hana ta gaba? Na biyar, haɗari, musamman ga ƙoda, ga mai juna biyu, da tsofaffi.

Akwai na shida da ya shafe mu musamman: shin za ka same shi a kusa a daidai lokacin da leɓen ya fara ƙaiƙayi? Mutumin Rigasa ko Mando ko Sabon Tasha da ya ji alamar da ƙarfe goma na dare, idan sai gobe da la'asar zai shiga cikin gari neman magani, ya riga ya yi asarar mafi kyawun lokaci.

Man aciclovir

Shi ne aka fi sani, mai ƙarfin kashi 5 cikin 100. Ana shafawa sau biyar a rana, kusan kowace awa huɗu idan ana farke, na kwana 4 zuwa 5. Shi ne mafi sauƙin samu a kantunan magani, kuma yana cikin masu arha.

Gaskiyar amfaninsa kuwa ba ta kai yadda ake zato ba. A manyan gwaje-gwajen da aka yi, ya rage kimanin rabin yini ne daga lokacin warkewa. Dalili shi ne ba ya ratsa fata sosai. A New Zealand an gwada shi da wata tacacciyar zuma ta asibiti a kan mutum 952, aka wallafa sakamakon a 2019, ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani tsakaninsu ba. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin yabon zuma. Ni a ganina ya fi nuna cewa ƙarfin man kaɗan ne. Kuma wancan zumar an tace ta don magani, ba irin wadda ake sayarwa a kwalba a bakin titi ba ce.

Duk da haka ban raina shi ba. Haɗarinsa kusan babu, ban da ɗan raɗaɗi ko bushewar wajen. Ba ya taɓa ƙoda. Yana shiga aljihu ko jaka, ana iya shafa shi a cikin minti ɗaya da jin alama. A wanke hannu kafin da bayan shafawa, a ɗiga shi a hankali ba tare da murzawa ba, kada a sa shi cikin baki ko ido. Kada kuma a bar shi cikin mota a zafin nan namu, yawancin waɗannan magunguna an rubuta a ajiye su ƙasa da maki 25 na zafi. Shafa shi kullum don rigakafi ba ya aiki, wannan asarar kuɗi ce.

Sauran mayuka

Akwai penciclovir, wanda ake shafawa kowace awa biyu na kwana 4, da docosanol da Amurkawa suka sani da sunan Abreva. Kowannensu yana rage ƙasa da yini ɗaya. Da wuya ka same su a nan, sai dai wani ya zo maka da shi daga waje, kuma bambancinsu da man aciclovir bai kai a yi wahalar nemansu ba. Shafa mai kowace awa biyu ga ɗan kasuwa ko malamin makaranta ba abu ne mai yiwuwa ba.

Akwai kuma wani haɗi na aciclovir da ɗan hydrocortisone, wani siteroyid mai rage kumburi, da aka yi musamman don ƙurajen leɓe. Kada wannan ya sa wani ya ɗauko mayukan nan na ƙyasfi da ƙaiƙayi masu haɗin magani uku ya shafa. Suna ɗauke da siteroyid mai ƙarfi, babu maganin bairos a cikinsu, suna danne garkuwar fata a wajen, ciwon ya ƙara faɗi. Haka nan ɓare kafson maganin kashe ƙwayoyin cuta a barbaɗa garin a kan ƙurji, ko shafa man goge baki, ko lemun tsami. Ba sa taɓa bairos, wasunsu ma ƙona fatar suke yi.

Ƙwayar aciclovir

Nan ne magani ya fara shiga jini ya isa inda bairos ɗin yake. Likitoci kan rubuta miligiram 200 sau biyar a rana na kwana 5, ko miligiram 400 sau uku zuwa biyar a rana na kwana 5. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kamfanoni da yawa na yin sa, don haka shi ne mafi arha a cikin na sha, kuma ba sai an yi yawo kafin a same shi ba.

Matsalarsa biyu ce, kuma a haɗe suke. Hanji ba ya tsotse shi sosai, abin da ke shiga jini bai cika wuce kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka haɗiya ba, kuma ba ya daɗewa a jiki. Shi ya sa ake sha sau da yawa. Ƙwaya 25 cikin kwana biyar, kowace da lokacinta. Mutane da yawa sukan bi tsarin a rana ta farko, rana ta biyu su tsallake biyu, ta uku su bari. Wanda ya san kansa da tsari zai iya haɗa shi da lokutan salla biyar don kada ya manta, duk da cewa tazarar magariba da isha'i ta yi kaɗan, sai a jinkirta na ƙarshe zuwa lokacin kwanciya.

Idan an fara da wuri yana rage zafi da tsawon ciwon, ya fi man shafawa a nan. Idan an makara, amfaninsa kaɗan ne. Illolin da aka fi gani su ne ciwon kai, tashin zuciya da ɗan gudawa.

Valaciclovir

Wannan aciclovir ne da aka yi wa dabara. Idan an sha, jiki na juya shi ya koma aciclovir, amma abin da ke isa jini ya haura rabi. Don haka maimakon kwana biyar, yini ɗaya ake yi: giram 2 da zarar an ji alama, sannan wasu giram 2 bayan awa 12. Shi ke nan. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wannan tsarin don ƙurajen leɓe a 2002, kuma ana ba manya da yara daga shekara 12. A gwaje-gwajen da aka yi ya rage kusan yini ɗaya daga tsawon ciwon, kuma tsawaita shansa zuwa kwana biyu bai ƙara komai ba.

Idan an ba ni zaɓi ga babban mutum mai lafiyar ƙoda wanda zai iya biya, wannan zan ɗauka. Ba wai ya fi aciclovir ƙarfi nesa ba ne, ai magani ɗaya ne a cikin jini. Sauƙinsa ne ya rinjaye ni: sha biyu kusan kowa zai iya cikawa, kuma ƙarfin maganin yana zuwa ne a daidai awannin da bairos ɗin ke hayayyafa.

Tsada ita ce cikas. Ƙwaya ɗaya ta fi ta aciclovir tsada sosai, kuma ba kowane kemis ke ajiye shi ba, sai manyan kantunan magani. Amma a yi lissafi da kyau kafin a gudu. Idan ƙwayar mai miligiram 500 ce, guda 8 kake bukata gaba ɗaya. Idan mai giram 1 ce, guda 4. Ka tambayi kuɗin waɗannan, ka kwatanta da kuɗin ƙwaya 25 na aciclovir. Matsalar da aka fi fuskanta ita ce a ce sai dai ka sayi kwali sukutum. Idan haka ne, ragowar ba asara ba ce, ita ce ajiyarka ta fitowa ta gaba, muddin ranar lalacewarsa na da nisa.

Batun suna kuma. Zovirax na aciclovir da Valtrex na valaciclovir su ne sunayen asali, kuma kamfanin GSK da aka san su da shi ya sanar a watan Agustan 2023 cewa zai daina kasuwanci kai tsaye a Najeriya, ya koma bi ta hannun dillalai. Ga kuma faɗuwar darajar naira tun daga tsakiyar shekarar, wadda ta ɗaga farashin duk maganin da ake shigowa da shi. Babu dalilin nacewa a kan sunan asali. Na wani kamfani mai lambar rajistar NAFDAC, da aka saya a kantin magani mai lasisi, sinadari ɗaya ne. Abin gudu shi ne wanda aka ciro daga kwalinsa aka ƙulla a leda, babu suna babu kwanan wata.

Famciclovir

Shi sau ɗaya tak ake sha: miligiram 1500, wato ƙwaya uku masu 500, a lokaci guda. Amurka ta amince da wannan tsarin a 2006, bayan gwajin da ya nuna ƙurajen sun warke cikin kwana 4.4 ga masu shansa, 6.2 ga waɗanda aka ba maganin bogi, wato ƙwayar da babu magani a cikinta, don kwatantawa. Kusan kwana biyu ke nan, kuma a takarda ya fi kowa. Sai dai gwaje-gwajen ba iri ɗaya ba ne, ba yadda ake auna warkewa ɗaya aka bi ba, don haka kuskure ne a ce ya ninka valaciclovir. Na manya ne, ya fi wahalar samu, kuma bayanan da ake da su game da shi ga masu juna biyu ba su kai na aciclovir ba. Wanda ya same shi cikin sauƙi ya samu abu mai kyau. Wanda sai ya yi odarsa daga Abuja ko Legas bayan ƙurji ya fito, ya haƙura.

Ƙoda, azumi da juna biyu

Duka ƙwayoyin nan uku ta ƙoda suke fita. Idan ƙodar na da rauni, ko jiki ya bushe da rashin ruwa, aciclovir na iya taruwa, ya cutar da ƙodar, ya kuma kawo ruɗewar tunani, musamman ga tsofaffi. Giram 2 na valaciclovir a lokaci ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Mai ciwon ƙoda, da mai ciwon suga ko hawan jini da ya daɗe bai auna ƙodarsa ba, da dattijo, kada su sha da ka. Likita ne zai rage musu adadin. Kowa kuma ya sha ruwa sosai. Idan ana bukatar maganin zafi, farasitamol ya fi dacewa da a haɗa da su ibuprofen ko diclofenac, waɗanda su ma suna matsa wa ƙoda.

Ka tuna kuma cewa sau da yawa ƙurajen kan zo ne a ƙarshen zazzaɓi, lokacin da mutum ya yi kwanaki yana amai da gumi, bai ci bai sha ba. A wannan halin sai an fara mayar da ruwan jiki.

Da azumi lissafin na canzawa. Ƙwaya sau biyar a rana ba ta yiwuwa ga mai azumi. Valaciclovir ya fi dacewa, ɗaya da buɗa baki ɗaya da sahur, duk da cewa tazarar a nan Kaduna ba ta cika awa 12 ba, don haka a tambayi likita, kuma a cika shan ruwa tsakanin magariba da asuba. Idan alamar ta zo da hantsi, man shafawa shi ne abin da ke hannu kafin a sha ruwa, ana kiyaye kada a lasa. Hukuncin azumin kuwa na malamai ne.

Ga mai juna biyu ko mai shayarwa, aciclovir ne ya fi daɗewa ana amfani da shi, kuma bin diddigin da aka yi shekara da shekaru bai nuna yana ƙara nakasar jarirai ba. Duk da haka kada ta saya da kanta. Ta faɗa a wajen awo.

Shan magani kullum don hana fitowa

Wannan daban yake da duk na sama, domin shi kaɗai ke taɓa fitowar da ba ta zo ba tukuna. Ana shan aciclovir miligiram 400 sau biyu a rana, ko valaciclovir miligiram 500 sau ɗaya, na tsawon watanni. A wani gwaji na 1993 a kan masu yawan fama da ƙurajen, aciclovir ya rage fitowar da kusan rabi. A gwajin valaciclovir na wata huɗu, kashi 60 cikin 100 na masu sha ba su ga ƙurji ko sau ɗaya ba, a masu maganin bogi kuwa kashi 38.

Ka lura da abu biyu. Ragewa yake yi, ba ya hanawa gaba ɗaya. Kuma ranar da aka daina sha, kariyar ta ƙare, bairos na nan inda yake. Kuɗinsa kuma na kowane wata ne: ƙwaya 60 na aciclovir ko 30 na valaciclovir. Ga wanda ƙurajen ke fito masa sau ɗaya ko biyu a shekara, wannan ɓarnar kuɗi ce. Likitoci kan duba shi ne ga wanda suke fito masa kamar sau shida ko fiye a shekara, ko suke zuwa da tsanani, ko mai raunin garkuwar jiki. Bayan wata shida zuwa shekara akan dakata a ga yadda jiki zai yi.

Akwai tsaka-tsaki da mutane ba su cika sani ba: rigakafin ɗan lokaci. Idan ka san abin da ke tayar maka da su kuma ka san ranar da zai zo, likita na iya ba ka aciclovir ka fara tun kafin ranar, ka ci gaba na wasu kwanaki. An gwada haka ga masu shiga rana mai ƙarfi. Maniyyacin da ya san rana na tayar masa da su, ga Mina da Arfa a gabansa, ya kamata ya kawo maganar lokacin gwajin lafiya. Haka amaryar da ta san gajiya da rashin barci na fito mata da su, da wanda za a yi wa aikin haƙori.

Sai kariya daga rana, wadda ita ce rigakafi mafi arha. A wani gwaji na 1991 an haska wa mutum 38 haske mai ƙuna a leɓe. Da aka shafa musu man bogi, 27 suka fitar da ƙuraje. Da aka shafa man kariya daga rana, babu wanda ya fitar. A rana ta zahiri sakamakon bai kai haka kyau ba, amma ga ɗan acaba, manomi, mai talla ko soja da ke yini a fili, man leɓe mai lambar SPF 30 da hula mai baki ba su da wata illa. Man kaɗanya da basilin suna hana tsagewar hunturu, wannan ma taimako ne, sai dai ba su isa kariya daga rana ba.

| Zaɓi | Yadda ake amfani | Abin da yake ragewa | Kuɗi | Samuwa | Abin kiyayewa |
|---|---|---|---|---|---|
| Man aciclovir | Sau 5 a rana, kwana 4 zuwa 5 | Kimanin rabin yini | Arha | Sauƙi | Ban da ido da cikin baki |
| Ƙwayar aciclovir | Sau 3 zuwa 5 a rana, kwana 5 | Ya fi man, idan an fara da wuri | Mafi arha a na sha | Sauƙi | Mantuwa, ƙoda |
| Valaciclovir | Giram 2 sau biyu, yini ɗaya | Kusan yini 1 | Tsada | Manyan kantuna | Ƙoda, shan ruwa |
| Famciclovir | Miligiram 1500 sau ɗaya | Kusan kwana 2 a gwajinsa | Tsada | Da wuya | Ƙoda, manya kawai |
| Maganin kullum | Sau 1 ko 2 kowace rana | Fitowa da kusan rabi | Na kowane wata | Sai da likita | Kariya na ƙarewa idan an daina |
| Man kariya daga rana | Kafin shiga rana | Fitowar da rana ke jawowa | Arha | Matsakaici | Ba ya warkar da wanda ya fito |

Adadin da ke teburin na manya ne masu lafiyar ƙoda, kuma ƙwayoyin duk likita ne ya kamata ya rubuta su.

Inda magani ba ya isa

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke ba mutum lasisin yin yadda ya ga dama da ƙurji a baki. Ruwan ƙurajen cike yake da bairos, daga ƙaiƙayin farko har su bushe. Kada a yi tarayya a kofi, cokali, moɗar randa, tawul ko man leɓe. Masu yi wa amare kwalliya su kula da jan baki da burushin da ake bi da shi daga wannan baki zuwa wancan. Ma'aurata su sani cewa yana iya tashi daga baki ya koma al'aura.

Abin da ya fi damuna shi ne jarirai. Ranar barka da ranar suna jariri na yawo hannu zuwa hannu, gwaggo ta ɗauka, inna ta sumbata, kaka ta tofa addu'a. Ga jaririn da bai wuce makonnin farko ba, wannan bairos na iya shiga ƙwaƙwalwa da hanta, yana kuma kisa. Mai ƙurji a leɓe ya yi barkarsa daga nesa, kuma mai jego kada ta ji kunyar cewa, "Gwaggo, a yi haƙuri, bari bakin ya warke tukuna." Idan ita mai jegon ce ke da shi, ta ci gaba da shayarwa, ta riƙa wanke hannu, ta rufe baki, kada ta sumbace shi. Jaririn da ya yi zazzaɓi, ya ƙi nono, jikinsa ya saki, ko ƙuraje masu ruwa suka fito masa, a kai shi asibiti a wannan lokacin, ko Barau Dikko ko duk babban asibitin da ya fi kusa.

Haka idan ido ya yi ja, yana zafi, ba ya son haske, alhali akwai ƙurji a baki. Wannan bairos na iya lalata gani. Muna da Cibiyar Ido ta Ƙasa a nan Kaduna, a je a duba, kada a ɗiga wani maganin ido da aka saya a kemis, domin mai siteroyid na iya ƙara ɓarnar. Ciwon da ya wuce mako biyu bai warke ba, ko yake ta faɗi, yana bukatar likita da gwajin garkuwar jiki, har da na HIV. Yaron da bakinsa ya cika da gyambo yana zazzaɓi ya ƙi ci da sha, da mai ciwon fata na eczema, mai sa ƙaiƙayi da bushewar fata, da ƙurajen suka bazu masa, su ma na asibiti ne.

Wa ya dace da wanne

Idan sau ɗaya ko biyu suke fito maka a shekara kuma ba sa hana ka komai, man aciclovir a aljihu ya isa, ko ma basilin da farasitamol kawai. Rabin yini ne tsakaninsu.

Idan suna zuwa sau uku zuwa biyar, suna da zafi, ko aikinka na tsayawa gaban jama'a ne, je wa likita tun kana lafiya ya rubuta maka zagaye ɗaya ka ajiye a gida. Mai hali ya ɗauki valaciclovir. Wanda kuɗi suka yi wa kaɗan ya ɗauki ƙwayar aciclovir ya sa ƙararrawa a waya. Ka sha a cikin awa ɗaya da jin ƙaiƙayin, kada ka jira ka ga ƙurji.

Wanda ba ya jin wata alama, sai dai ya farka ya ga sun fito, ƙwayar ba za ta yi masa aiki sosai ba. Idan suna yawan zuwa, shi ne ya fi kowa cancantar maganin kullum, tare da mai fitowa shida ko fiye a shekara.

Wanda ya san ranarsa, Hajji ko biki ko cire haƙori, ya nemi rigakafin ɗan lokaci. Wanda rana ce ke tayar masa, ya fara da man kariya da hula kafin ya kashe kuɗi a ƙwaya. Wanda zazzaɓin cizon sauro ne ke kawo masa su duk damina, gidan sauro da gwajin jini da wuri suna cikin maganinsa.

Mai ciwon ƙoda, dattijo, mai juna biyu, yaro ƙasa da shekara 12, mai HIV, da mai shan maganin daji ko wanda aka yi wa dashen ƙoda, zaɓinsu a hannun likita yake, kuma su je da kwalin duk maganin da suke sha.